Ku Leƙa Mana Garejin 'Yan Tseren Babur

Edita,

Assalamu alaikum. Ni bakaniken babura ne. Shekarata 23 ina wannan sana'a a gindin wata darbejiya da ke bakin tashar garinmu, kan hanyar Gumel zuwa Maigatari. Ban saba rubuto wa jarida ba. Abin da ya zaunar da ni bayan sallar isha'i da biro a hannu shi ne hoton da kuka buga a shafin wasanni kwanakin baya, na gwanin tseren babur Marc Marquez ya kwanto da babur a kwana, gwiwarsa da gwiwar hannunsa na sharar kwalta. Wani direba ne ya zo da jaridar daga Kano ya bar ta a kan bencina. Kwana uku yaran gareji da 'yan acaɓar da ke jiran gyara suna miƙa wa juna ita, har takardar ta yi baƙi ƙirin da girisi. Duk wanda ya karɓa magana ɗaya yake yi: "Kai, wannan ya iya!" Ban ji ko mutum ɗaya ya tambayi wanda ya ɗaura tayar da ya kwanta a kanta ba.

Ba laifinku nake gani ba, hoto ne mai kyau. Roƙo na zo yi. In za ku sake kawo labarin gasar MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, ku ɗaga mana labulen garejin, ku nuna wa yaranmu abin da ake yi tun daga Alhamis kafin a kai ga kwanar nan ta ranar Lahadi. Ina da dalilina, zan kuma faɗe shi.

A gidan kallon ƙwallo na fara ganin tseren. In a Turai ake yinsa, yakan faɗo da misalin ƙarfe ɗaya na rana a agogonmu, lokacin da mai gidan kallo ya riga ya ta da inji amma ba a fara wasan Ingila ba. Sai ya bar tashar a kai. Yara suna ihu, ni kuwa idona na kan mutanen da ke tsugune a gefen babur kafin a tashi, masu riga iri ɗaya, kowa hannunsa na kan wani abu. Jini ya fi ruwa kauri, nan take na gane 'yan'uwana ne. Daga baya ɗan ƙanwata, wanda ke koyon aiki a hannuna kuma ya yi sakandare, ya riƙa sauko min da bidiyon cikin garejinsu a waya yana fassara min. Da haka na tsinci abin da na sani.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya gane shi ne, baburan nan ba na kasuwa ba ne. Ko da buhun kuɗi ka je wurin dila ba za ka samu ba. Kamfanoni biyar ne ke ƙera su, Ducati da Aprilia na Italiya, KTM na Ostiriya, sai Honda da Yamaha na Japan, kuma kowanne 'yan ƙalilan yake yi a shekara, domin tsere kawai. Babu fitilar gaba, babu madubi, babu hon, babu jak ɗin jingina, ko abin ta da inji babu a jikinsa, da wata na'ura ta daban makanikai ke ta da shi. Injin siisii 1,000 ne mai silinda huɗu, ƙarfinsa ya haura doki 250. Boxer ɗin da muke ɗora wa buhu uku na gero bai kai doki 10 ba. Doka ta ce kada nauyin babur ya gaza kilo 157, kada man da zai sha a tsere ya wuce lita 22. A 2023, a filin Mugello na Italiya, Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu ya kai gudun kilomita 366.1 a awa a kan KTM. Mu a nan allura na taɓa 90 babur ya fara rawa.

Bawul ɗinsu ne ya hana ni barci ranar da na fara jin bayaninsa. Duk bakanike ya san sifirin ne ke mayar da bawul ya rufe. To injin nan yana juyawa da saurin da sifirin ƙarfe ba zai iya biyo shi ba. Sai wasu kamfanonin suka koma rufe bawul da matsattsiyar iska. Ducati kuwa suka ce su ba sifirin ba iska: hannu ɗaya na ƙarfe ya buɗe bawul, wani hannun ya jawo shi ya rufe. Washegari na kwance kan wani tsohon inji na ajiye a tire, na yi ta kallon sifirin nan kamar yau na fara ganinsa. Faifan birkinsu ma ba ƙarfe ba ne, wani sinadari ne dangin gawayi, wanda sai ya ɗau zafi sosai yake kamawa da kyau. Kuma injinan da aka yarje wa mahayi a shekara ƙidayayyu ne, ba sa wuce 10, kowanne an buga masa hatimi don kada a buɗe cikinsa. In ka ƙona su da wuri, kai ka jiyo.

Yanzu ga yadda makon yake tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin Alhamis manyan motoci sun sauke kaya, in kuwa a wata nahiya ce kamar Malesiya ko Katar, jiragen sama ne ke kwaso akwatunan. An shimfiɗa daɓen gareji, an jera kayan aiki, kowace sifana da gurbinta. Kowane mahayi babur biyu gare shi, a shirye tsaf, don in ɗaya ya faɗi ko sama ta canza. Ranar Alhamis mahayi kan zaga filin da ƙafa ko a keke tare da mutanensa, suna duba inda kwalta ta yi tudu da inda aka yi mata faci. Juma'a gwaji ne, safe da yamma. Mahayi ya yi 'yan zagaye, ya dawo ya zauna a kujera, babban bakanikensa ya tsuguna a gabansa da takarda. Sai ka ga yana kwatance da hannu: a kwana ta kaza gaba na zame min, a ta kaza baya na tsalle. A gefe mai kwamfuta ya jona waya a jikin babur yana karanta abin da babur ɗin ya rubuta da kansa, inda aka murɗa totur, inda aka kama birki, nawa shokazoba ta nutse. A haɗa bakin mutum da bakin na'ura, sannan a taɓa noti, wani lokaci gyaran bai fi kaurin farce ba. Goman da suka fi sauri ranar Juma'a da yamma su ke wucewa kai tsaye zagayen ƙarshe na neman layin gaba, kuma sau da yawa tsakanin na ɗaya da na goma ko daƙiƙa ɗaya ba ta cika. Asabar a raba layi, da yamma a yi gajeren tsere na rabin zango, wanda aka shigo da shi a 2023. Lahadi a ɗumama inji na minti 10, sannan babban tsere na kimanin minti 40. Kwana huɗu na aiki, minti 40 na kallo. In mahayi ya farfasa babur da yammacin Juma'a, shi zai je ya huta, makanikai su kwana a tsaye.

Akwai abu biyu da na ɗauko daga wurinsu na sa a aikina. Suna ɗaure noti da sifana mai ma'auni, wadda ke yin ƙas in an kai ƙarfin da ake so. Mu kuwa ja muke yi har sai jijiyar wuya ta tashi, shi ya sa rabin baburan da ake kawo min zaren notin baƙin mai ya cinye. Na yi asusu na sayo irin sifanar a Kano. Na biyu, duk notin da aka gama da shi sai a ɗiga masa fenti, don kada a yi zaton an ɗaure alhali ba a ɗaure ba. Ni jan farce na mata nake saye a kasuwa ina ɗigawa. Da farko yara sun yi ta dariya. Yanzu ɗan acaɓa in ya karɓi babur sai ya sunkuya ya nemi jan ɗigon a notin taya kafin ya biya.

Su can sun san darajar mai sifana. Da gwanin tsere Valentino Rossi zai bar Honda ya koma Yamaha a 2004, lokacin Yamaha ta shekara fiye da goma ba ta ɗauki kambun babban aji ba, bai tafi shi kaɗai ba. Ya tafi da babban bakanikensa Jeremy Burgess ɗan Ostireliya da yaran aikinsa. Tseren farko da suka yi a kan sabon babur, a Welkom ta Afirka ta Kudu, suka cinye, suka kuma ɗauki kambun shekarar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Rossi ya fi kowa sani. Wannan tsere na Welkom shi ne na ƙarshe da aka yi a nahiyarmu, abin yana min ciwo duk sanda na tuna.

Edita, ga dalilin nawa.

Shekara biyu ke nan, bayan kaka, aka yi bikin wani abokin ɗan ƙanwar nan tawa a wani ƙauye gabas da mu. Kun san yadda ake yi yanzu: amarya a mota, samari a babura gaba da baya, an cire salansa, wannan ya ɗaga ƙafar gaba, wancan ya miƙe tsaye a kan kujera. Da safiyar ranar ɗan ƙanwar tawa ya turo babur ɗin da ya aro gindin darbejiya ya ce, "Kawu, a ƙara min iska." Na duba tayar gaba, ta suɗe, zare ya fara leƙowa a gefe. Na ce masa wannan taya ta gama aiki. Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ai su ma 'yan tseren tayarsu ba zane, ka gani da idonka." Ina da injin wani a kwance, mai shi na tsaye a kaina yana sauri. Na buga masa iskar, na ce ka dai bi a hankali. Har gobe wannan famfon yana tsaya min a rai.

Da la'asar aka kira ni. A kwanar da ke kusa da rijiyar burtsatse ya so ya kwanto da babur yadda yake gani, a kan burji, inda ruwan damina ya tara rairayi. Gaba ta tafi. Silifa ne a ƙafarsa, hular zanna a kansa. Na same shi a kwance a gindin wata gawo, ƙafar dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, shaddar bikin ta jiƙe, yana ta cewa, "Kawu, kada ka gaya wa Inna." Sai da muka jira motar da ta kai kayan ɗaki ta sauke, aka shimfiɗa shi a baya a kan tabarma. Mun fi awa biyu kafin mu ga likita. Ƙashin cinya ya karye gida biyu. Riɗin da uwarsa ta noma a shekarar da tumakinta biyu duk suka tafi a magani. Allah ya yi da sauran kwana, kansa bai bugi komai ba. Yau yana tafiya, amma da ɗingishi, kuma yana ɗan shekara 19.

Maganar tayar nan ita nake so ku fayyace wa yara da Hausa, don ni ban iya fayyace masa ita a ranar ba. Tayar tsere ba suɗewa ta yi ba, haka aka yi ta, sabuwa fil, roba mai laushi da ke manne wa kwalta kamar ƙaro in ta yi zafi. Kafin a fita ana naɗe ta cikin bargon lantarki har ta yi zafin da hannu ba zai jure ba, sai daf da tashi ake yaye bargon. Tsere ɗaya take yi a cire ta. Kamfanin Michelin ne ke ba kowa tun 2016, kuma iskar cikinta ma doka ce: akwai na'ura a ciki da ke kai rahoto, wanda duk iskar tayarsa ta gaza ƙa'ida tsawon tsere, ana ƙara masa daƙiƙoƙi a lokacinsa ko da shi ya fara ƙetare layi. In hadari ya sauko, ana ɗaga farar tuta, mahayi ya shigo gareji ya dire daga wannan babur ya haye na biyun mai taya mai zane. Duk kwanciyar nan ta fiye da digiri 60, abin da ke taɓa ƙasa daga taya bai fi faɗin katin cirar kuɗi ba. Saboda wannan ɗan wurin ake biyan mutum guda albashi, ba ya komai sai kula da taya.

Kuma sun san za su faɗi, shi ya sa suke shirya wa faɗuwar. Rigarsu ta fata ce tun daga wuya har idon sawu, da jakar iska a ciki mai kumbura kafin mutum ya kai ƙasa, wadda aka wajabta tun 2018. Bayan kowace kwana akwai fili da tsakuwa mai tsayar da mai zamewa, babu bishiya, babu rijiya, babu akuya, babu yarinya mai tallan gyaɗa. Motar likita na bin bayansu a zagayen farko. Akwai asibiti a cikin filin, da jirgi mai saukar ungulu a ajiye, har akan dakatar da gwaji in yanayi ya hana shi tashi. Mutumin da ke gudun 350 a fili, in ya shigo layin gareji bai isa ya wuce 60 ba. Da duk wannan, a watan Oktoban 2011 Marco Simoncelli ya rasu a filin Sepang na Malesiya yana ɗan shekara 24. Shi kansa Marquez ɗin da ke hotonku ya karya dantsen dama a Jerez ta Sifaniya a watan Yulin 2020. Aka yi masa aiki, bai cika mako ba ya koma kan babur, hannun ya ƙi. Ya rasa shekarar gaba ɗaya, aka yanka hannun nan sau huɗu zuwa 2022, bai sake ɗaukar kambu ba sai 2025, shekara shida bayan na 2019. Wannan labarin na ba ɗan ƙanwata lokacin da ya matsa sai ya jefar da sanda kafin likita ya ce. Ya saurara, don gwaninsa ne.

Wani abin da ya kamata a ji: daga 2027 za a rage injinan zuwa siisii 850, a rage fukafukan da ke jikin baburan, a hana na'urar da ke durƙusar da babur wajen tashi. Masu kuɗin duniya da injiniyoyinsu sun zauna sun yarda gudun ya fara fin ƙarfin filayensu. A garejina kuwa duk mako sai yaro ya zo ya ce in gundure masa silinda, in fasa salansa. Na daina. Wasu sun ɗauke min ciniki sun koma gaba, na haƙura.

Na san dattawa da yawa za su ce a hana wasan babur kawai a huta. Ina girmama su, amma an hana a garinmu ba sau ɗaya ba. Mai gari ya yi shela, liman ya yi huɗuba, sai yaran suka koma bayan gari inda babu mai ganinsu, wanda ya faɗi a can sai an daɗe kafin a sani. Haka aka yi da hular kwano a 2009, aka zo da ita da kame da tara ba tare da an zauna da mutane ba, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka, bayan 'yan watanni maganar ta bi ruwa. Son gudu a jinin samari yake, kakanninmu ma sun yi shi a kan doki. Amma sukuwa tana da fili, tana da rana, tana da manya a tsaye, kuma babu mai hawa sai an duba masa majanyi da linzami. Me zai hana hakimai da ƙungiyar makanikai da ta masu babura su ware fili ɗaya bayan an cire amfanin gona, nesa da gidaje, a share shi, a sa rana? Mu makanikai mu duba taya da birki da sarƙa kyauta, wanda babur ɗinsa bai tsallake ba ya koma ɗan kallo. Babu hular kwano da takalmi sau-ciki, babu hawa. A ajiye ma'aikacin lafiya da mota a gefe. Wanda kuma aka kama yana yi a rakiyar amarya, a hana shi filin shekara guda. Ban ce ba za a ji ciwo ba. Na ce yaron da na ɗauko a gindin gawo da ba a bar shi ya fito da waccan tayar ba, da ni ma ban buga mata iska ba.

Shi yanzu shi ne gwanin kafireto a garejina, kunnensa ya fi nawa. Ranar Lahadi tare muke zuwa gidan kallo. Ya yanke hoton naku ya manna a murfin akwatin kayan aiki, ya kuma ce in tambaye ku ko kuna da na mutanen da ke riƙe bargon taya, ya manna a gefensa. In za ku turo wakilinku ya ga yadda muke aiki, muna maraba, shayi da tabarma ba za su gagara ba. Sai dai kada ya zo ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari ce, ko wurin tsayawa ba zai samu ba.

Wassalam.

Naku,
Wani bakaniken babura,
Masarautar Gumel, Jihar Jigawa.